Yadda Ake Cire Madubin Banɗaki Daga Bango Ba Tare Da Ya Fashe Ba

Masu tashi daga gidan haya, da masu son canza tayil, da waɗanda gefen madubinsu ya fara yin baƙi saboda danshi, duk tambayarsu ɗaya ce: yaya za a yi a sauke madubin nan bai fashe ba, bango bai lalace ba, hannu kuma bai yanke ba? Tambayar ta yi yawa, shi ya sa na ga gara in jero aikin daki-daki yadda kowa zai iya bi.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, yawancin madubin da ke fashewa wajen cirewa, an ja shi ne kafin a san abin da ya riƙe shi. Mutum ya kwance sukuru huɗu, ya ɗauka shi ke nan, ya finciko, ashe akwai gam a baya. Kuma madubin banɗaki galibi ba irin gilashin gefen mota ba ne da ke marmashewa ƙanana-ƙanana. Idan ya fashe, dogayen ɓaraguzai masu tsini yake yi, su ne ke tsinka jijiyar hannu. Saboda haka bincike ne rabin aikin.

Mataki na 1: Gano abin da ya riƙe shi

Kunna fitilar wayarka, ka jingina kunci da bango, ka leƙa bayan madubin ta gefe, ta sama, ta ƙasa. Ɗaya daga cikin waɗannan za ka tarar.

Idan madubin yana da firam, ka sa hannu biyu ka ɗan ɗaga shi sama ka ji ya motsa, to rataye yake a kan ƙusa ko sukuru. Wannan shi ne mafi sauƙi.

Idan ka ga 'yan huluna masu ƙyalli a kusurwoyi huɗu a kan fuskar gilashin, to an huda gilashin ne an ɗaure shi da sukuru, hulunan kuma suna rufe kan sukurun.

Idan ka ga 'yan maƙallai na roba ko na ƙarfe sun kama bakin madubin sama da ƙasa, ko wani dogon ƙarfen alminiyam da gindin madubin ke zaune a ciki, to maƙallai ne suka riƙe shi.

Idan kuwa ba ka ga komai ba, madubin ya lafe a jikin tayil, to manna shi aka yi, ko da silikon, ko da gam, ko da salatif mai danƙo fuska biyu. A nan aikin yake.

A kula: ganin sukuru ko maƙalli ba ya nufin babu gam. Masu aiki da yawa suna haɗa biyun, su ɗiga silikon a baya sannan su sa maƙallai su riƙe kafin ya bushe. Samo siririn kwali mai ƙarfi ko rular roba ta 'yan makaranta, ka zura a bayan madubin ka zagaya. Duk inda ta tokare, akwai abu a wurin. Yi alama da alƙalamin maka a kan fuskar gilashin. Haka kuma ka ƙwanƙwasa a hankali da bayan yatsa: inda babu gam sautin na fayau ne, inda gam yake kuma sautin a daskare yake. Kafin ka gama za ka ga taswirar gam ɗin ta fito, ka san ɗigo-ɗigo aka yi ko layi-layi ko shafe bayan aka yi gaba ɗaya.

Duba kuma ko akwai wuta a jikinsa. Madubi mai fitila a gefe, ko wanda ake taɓa fuskarsa ya kawo haske, galibi yana da wayar wuta a baya ko da ba ka gan ta ba.

Mataki na 2: San nauyinsa, ka yanke shawara

Ido yana yaudara a kan nauyin gilashi. Lissafin ba wuya: tsawo a mita, sau faɗi a mita, sau kauri a milimita, sau 2.5. Abin da ya fito shi ne nauyin a kilo. Madubi mai santimita 60 da 90, kauri milimita 5, bai kai kilo 7 ba. Amma mai santimita 120 da 180, kauri milimita 6, ya haura kilo 32, wato ya fi rabin buhun siminti, ga santsi, ga kaifi, ga shi babu wurin kamawa.

Shawarata: ko ƙarami ne, ku zama ku biyu. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya kwance. Kada mataimakin ya zama yaro ƙarami. Idan madubin ya wuce tsawon mita ɗaya da rabi, ko an binne shi a cikin tayil bakinsa ya yi daidai da bango, ko kuma ya riga ya tsage daga gefe zuwa gefe, kira masu gilashi. Suna da robar tsotso da ke kama fuskar gilashi a ɗaga shi, abin da ba kowane gida ke da shi ba. Idan ka kira su, ku yi magana tun kafin a taɓa komai: "Malam, ina son madubin ya fita lafiya. Idan ya fashe ko tayil ya ɓalle, yaya za mu yi?" Mai sana'ar kirki zai duba ya faɗa maka gaskiya, ko zai fita ko ba zai fita ba.

Wanda ke gidan haya ya tuntuɓi mai gida ko wakilinsa. Idan ka tarar da madubin a gidan, na gidan ne. Idan kai ka sa, bangon da za ka bari a baya yana wuyanka.

Mataki na 3: Kayan aiki da abin da za ka kashe

Na kariya su ne farko, kuma ba na yarda a tsallake su: safar hannu mai kauri irin ta leburori ko ta masu walda, tabarau na kariya, riga mai dogon hannu, dogon wando, da takalmi sau-ciki. Silifas ɗin banɗaki ba takalmin wannan aiki ba ne. Idan babbar riga ce ko jallabiya mai faɗin hannu a jikinka, canza ta, don hannun riga yana kama kusurwar gilashi.

Sai sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, wuƙar reza mai mariƙi, sikirefa irin ta masu fenti, salatif mai faɗi na ɗaure kwali ko na takarda, kwalaye, tsohon bargo, tsummoki, da 'yan siraran katakai da aka fiƙe bakinsu, kamar guda shida. Kowane kafinta zai tsinto maka su a cikin ragowar aikinsa.

Idan mannawa aka yi, kana buƙatar waya ta yanka gam. Wadda ta fi kyau ita ce wadda masu sa gilashin mota ke amfani da ita. Idan ba ka samu ba, wayar birkin keke ta ciki, ko igiyar fatsa mai kauri, duk suna yi. Tsawonta ya fi faɗin madubin da kamar mita ɗaya. Ka yanko guntayen sandar mofa guda biyu su zama mariƙi.

Maganar kuɗi kuwa, yawancin kayan nan akwai su a gida ko a aro wajen maƙwabci. Abin da za ka saya bai wuce salatif, safar hannu, tabarau da waya ba, kuma duka a haɗe ba su kai kuɗin ɗinkin hannu a asibiti ba. Asarar da ta fi ciwo ba madubin ba ne. Kwanon wanke hannu da ke ƙarƙashinsa ne, da kuma tayil, domin tayil ɗin da aka sa shekaru biyar baya da wuya ka samu irinsa sak a kasuwa. Ɗaya ya fashe, ko ka haƙura da bambancin launi ko ka canza layi guda.

Mataki na 4: Shirya banɗakin

Kwashe komai: buroshi, sabulu, buta, bokiti, man shafawa. Goge ƙasa ta bushe ƙarau, domin tayil mai laima da gilashi a hannu ba sa haɗuwa. Toshe ramin kwanon wanke hannu da tsumma, haka ma magudanar ƙasa, kada sukuru ko ɓarɓashin gilashi su shige. Rufe masai. Shimfiɗa bargo a kan kwanon da kan famfo, ka ɗora kwali a sama. Ƙasa ma a shimfiɗa kwali.

Tun yanzu ka tanadi inda za a ajiye madubin, ka share hanyar zuwa can, ka buɗe ƙofofi. Yara su fita daga sashen gaba ɗaya, a kuma gaya wa mutanen gida kada kowa ya turo ƙofa.

Gargaɗi a kan wuta: idan madubin mai fitila ne, kashe makunnin bango bai isa ba. Je ka kashe layin daga akwatin wuta, ko ka cire fis. Kada ka ce ai an ɗauke wuta, domin tana iya dawowa hannunka na kan waya. Gidan da ke da inbata, sola ko janareta, a tabbatar an raba layin banɗakin da su. Bayan haka ka taɓa wayoyin da testa, testar ma ka fara gwada ta a soket mai wuta ka ga tana aiki. Wanda bai saba da wuta ba ya kira mai gyaran lantarki ya raba wayar, aikin minti kaɗan ne.

Kada ka taka kwanon wanke hannu ko murfin masai don ka kai sama. Kwanon da ke maƙale a bango ba a yi shi don ɗaukar mutum ba. Sa tsani gajere ko benci mai ƙarfi.

Mataki na 5: Lulluɓe fuskar da salatif

Manna salatif daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan a tsaye da a kwance, layi kusa da layi, tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba. Ka danna shi sosai. Salatif ba ya hana gilashi fashewa. Amfaninsa shi ne idan ya fashe, ɓaraguzan su tsaya manne da juna maimakon su zubo maka a ƙafa. Mutane da yawa suna yin gicciye guda ɗaya su ce sun gama. Bai isa ba, musamman ga madubin da aka manna da gam. Ka bar kan sukuru da maƙallai a buɗe.

Mataki na 6: Cire mai rataya, mai sukuru da mai maƙallai

Kafin a fara, ku daidaita baki da mataimakinka. Kai ka ce "zan saki", shi ya amsa "na riƙe", sannan ka saki. Gaya masa kuma bayan madubi maɓoyar kyankyasai ce da tsaka. Wannan ba ƙaramar magana ba ce: da zarar an ɗaga gilashin sukan fito a guje su bi ta kan hannu, wanda bai shirya ba kuma sai ya zabura ya saki. Idan ka hango su tun a Mataki na 1, fesa maganin ƙwari kwana ɗaya kafin aikin.

Mai rataya: kama gefe biyu, ɗaga sama tsaye kamar santimita biyu ko uku, sannan ka jawo gabanka. Idan ya ƙi ɗaguwa, duba ƙarƙashin firam ɗin, wasu suna da ɗan sukurun kulle. Idan akwati ne mai ƙofar madubi, kwashe kayan ciki, cire ƙofofin daga hinjinsu tukuna, sannan ka kwance sukurun da ke cikin akwatin.

Mai sukuru ta cikin gilashi: murɗa hular da yatsu zuwa hagu. Idan ta ƙi, naɗe ta da tsumma ka kama da filaya a hankali, kada bakin filayar ya taɓa gilashin. Kada ka kwance sukuru ɗaya gaba ɗaya alhali sauran na ɗaure tamau. Sassauta kowanne rabin juyi, ka zagaya, ka sake zagayawa. Sai ka cire na ƙasa biyu, mataimaki ya tallabe gindin madubin, sannan ka cire na sama. Dalili kuwa, bakin hudar nan shi ne wuri mafi rauni a jikin gilashin. Idan nauyi ya koma kan sukuru ɗaya madubin ya karkace, daga nan tsagar ke tashi. Adana 'yan robobin da ke tsakanin sukuru da gilashi, za ka neme su ranar mayarwa.

A kula da sukurun da ya yi tsatsa, abin da ba a rasawa a banɗaki. Ɗiga masa WD-40, wato man fesawa mai sassauta tsatsa, ko kananzir, ka bar shi kamar minti 15, ka sake gwadawa. Idan kansa ya cinye, ɗora guntun robar ɗaure kuɗi a kai ka danna sukundireba ta samu kamu. Kada ka buga da guduma, kada kuma ka yi wa fuskar gilashin jingina don ka ɓanɓaro shi.

Mai maƙallai: fara da na gefe, sannan na sama, na ƙasa su ne ƙarshe domin su ke ɗauke da nauyin. Mataimaki ya dafa fuskar madubin da tafin hannu biyu yayin da kake sassauta na sama. Wasu maƙallan sama ba a kwance su, tura su sama ake yi su zame. Wasu kuma suna da sifirin a ciki: sai a ɗaga madubin ya shige cikinsu, gindin ya kuɓuce daga na ƙasa. Da saman ya saki, karkato shi gabanka kaɗan kawai, ka ɗaga shi daga mazauninsa.

Idan duk an kwance amma madubin bai motsa ba, tsaya. Akwai gam. Wuce mataki na gaba.

Mataki na 7: Cire wanda aka manna

Nan ne ake buƙatar haƙuri, kuma ka ware masa lokaci, ba aikin da za a faro ana kiran salla ba ne.

Fara da tokare gindin. Madubin da gam kaɗai ya riƙe, da ka yanke ɗigon ƙarshe zamewa zai yi ƙasa nan take. Jera katako ko bulo daga ƙasa har ya taɓa bakinsa, ka sa tsumma a tsakani. Kada tokarin ya zauna a kan kwanon wanke hannu ko kan famfo.

Sai ka bi gefuna huɗu da wuƙar reza ka yanke silikon ko fentin da ya haɗe bakin madubin da bango. Yi yankan sau biyu ko uku a hankali, bakin wuƙar na kallon bango.

Yanzu ɗaure kowane bakin waya a jikin guntun sanda. Kada ka kuskura ka naɗe waya a yatsa ko a tafin hannu, ko da safa, domin tana yanka har ƙashi. Zura tsakiyar wayar ta bayan kusurwar sama, ka jawo ta har ta kwanta a bayan madubin daga gefe zuwa gefe. Sai ka riƙa ja dama, ja hagu, kana saukowa a hankali, yadda ake yanka sabulun sanda da zare. Idan madubin yana da faɗi, kowa ya kama sanda ɗaya, mutum na uku ya dafa gilashin.

Abin da ke raba mai nasara da mai asara a nan shi ne inda hannu yake. Hannayenka su kasance kusa da bango, wayar na gogar bango. Idan ka jawo hannu gabanka, wayar za ta ci bakin gilashin, ta ɓantare shi ko ta kankare azurfar baya, wato shafen da ke sa shi nuna fuska, wani lokaci ma ta tsaga shi. Idan kana son sake amfani da madubin, igiyar fatsa ta fi tausaya wa bayansa, sai dai tana yawan tsinkewa. Wayar ƙarfe ta fi sauri amma tana barin zane.

Za ka ji wayar ta yi nauyi idan ta iso ɗigon gam, sannan ta yi sakwaf idan ta wuce. Alamomin da ka yi da maka za su gaya maka saura nawa. Idan ta cije, kada ka ƙara ƙarfi. Ɗiga ruwan sabulu ta sama ya gangara, ka ɗan koma baya, ka sake shiga. Waya tana zafi da gogayya, tana kuma tsinkewa ba sallama, shi ya sa tabarau ba ya barin fuska.

Duk inda ka yanke, soka ɗan fiƙaƙƙen katako a gefe don kada gam ɗin ya sake kamawa. Gargaɗi: da yatsa ake tura katakon, iya inda ya shiga da kansa. Aikinsa riƙe tazara ne kawai. Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne mutum ya ga saman ya saki, ya sa sukundireba ko sikirefa ya ɓanɓara don ya gama da wuri. Gilashi yana ɗan lanƙwasa, sai ka ga kamar zai biyo, sannan ka ji ƙas. Ƙarfe kada ya taɓa bakin gilashi ko kaɗan.

Batun zafi kuma, ga yadda yake. Na'urar busar da gashi tana tausasa salatif mai fuska biyu da gam irin na kafintoci, don haka tana taimakawa. Riƙe ta da tazarar kamar santimita 20, kana yawo da ita a kan wurin da ka yi wa alama na 'yan mintuna, kada ka tsaya wuri ɗaya. Amma silikon ba ya jin irin wannan zafin, an yi shi ne ya jure wanda ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan abin da ka gani a baya fari ne ko garai-garai mai taushin roba, kada ka ɓata lokaci, waya ce maganinsa. A lokacin hunturu da safe, gilashi yana da sanyi sosai, zafi mai yawa a wuri ɗaya kan tsaga shi, sai a fara daga nesa. Ruwan zafi, kyandir ko wutar gas kuwa, kada ma a kawo su kusa.

Idan saura ɗigo ɗaya ko biyu na ƙasa, dakata ka tabbatar mataimaki ya riƙe da hannu biyu kuma tokarin na nan daram, sannan ka ƙarasa.

Akwai madubin da ba zai fita lafiya ba: wanda aka shafe bayansa gaba ɗaya da gam, ko aka dasa shi da simintin tayil. Waya ba ta samun hanya. A nan sai dai a fasa shi da gangan, kuma na fi so a bar wa masu gilashi. Idan dole kai za ka yi, rufe fuskar duka da salatif ba tare da barin fili ba, rataya bargo a kai, ka bubbuga da guduma a hankali daga kusurwar sama, kana ɓanɓare gutsure-gutsure da sikirefa zuwa cikin kwali. Daga sama ake farawa a sauko, don kada wani babban yanki ya rage a saman hannunka.

Mataki na 8: Ɗauka da ajiya

A tsaye ake ɗaukar madubi, ba a kwance kamar faranti ba. A kwance nauyinsa na taruwa a tsakiya ya karye. Hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a gefen sama, a riƙe shi a gefen jiki, ba a kan ƙirji ko a ka ba. Kula da kan famfo lokacin fitowa da shi, da bakin ƙofa. Idan ya suɓuce, ja da baya ka bar shi ya faɗi. Kada ka tare da hannu ko da ƙafa.

Jingina shi a bango a ɗan karkace, gindinsa a kan kwali ko katako, ba a kan tayil ko siminti tsirara ba. Sa kwali a kusurwoyi. Cire salatif ɗin cikin kwana ɗaya ko biyu, domin a zafin ƙasarmu danƙonsa yana narkewa ya kama gilashi. Gam ɗin da ya rage a bayan madubin, yanke tudunsa kawai da reza a kwance, kada ka kankare har fentin baya, kada kuma ka sa masa tina. Fentin nan shi ke kare azurfar, idan ya tafi tabo zai fito ta gaba. Ranar da za a sake manna shi, nemi silikon da aka rubuta na madubi ne. Mai warin tsami ɗin nan yana cin azurfa, yana cikin abubuwan da ke sa bayan madubi yin baƙi.

Mataki na 9: Idan ya fashe ko wani ya yanke

Kowa ya tsaya inda yake. Kwashe manyan da safar hannu, share sauran, sannan ka bi ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma wanda za a zubar. Kashe fitilar banɗakin, ka kwantar da tocila a ƙasa, haskenta zai nuna maka ƙananan da ido bai gani ba, musamman a layin tsakanin tayil da bayan masai. Banɗaki wuri ne da ake shiga da ƙafa a jiƙe, yara kuma babu takalmi, saboda haka a yi sharar sau biyu. Kada a kora ɓarɓashin da ruwa cikin magudana.

Naɗe fasassun a kwali, ɗaure da salatif, rubuta "gilashi" a jiki, ka kuma faɗa wa mai kwasar shara da baki. Yaran da ke tonon bola da hannu suke yi, leda baƙa mai gilashi a ciki tarko ce a gare su.

Idan an yanke, danne wurin da tsumma mai tsabta, ɗaga hannun sama, kada a yi ta buɗewa ana leƙawa. Idan gilashi ya nutse a nama, kada a zare shi, a danne gefe da gefe a tafi asibiti. Haka idan jini na tsartuwa, ko bai tsaya ba bayan minti 10, ko yatsa ya daina motsi ko ya mutu. Kada a zuba ƙasa, toka ko man birki a ciwo. A tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus.

Mataki na 10: Gyara bangon

A kan tayil, kwantar da reza ka kankare gam ɗin, sauran danƙon kuma ka jiƙa shi da ɗan kananzir ya yi laushi, ka goge, ka wanke da ruwan omo. Buɗe taga, kada a kunna ashana a wurin. A kan filasta, gam yakan taho da fenti har da ɗan siminti. Kankare abin da ya yi tudu, cike ramukan da fila, bari ya bushe, goge da sanfefa, sannan fenti.

Robar fisha, wato wadda sukuru ke shiga cikinta a bango, da ta rage a rami, mayar da sukuru ciki rabi, ka kama kansa da filaya ka jawo a miƙe. Kada ka jijjiga ta gefe da gefe a cikin tayil, bakin ramin zai ɓantare. Wadda ta ƙi fita, yanke bakinta ka tura ta ciki. Cike ramin da farin siminti, ka shafe da jiƙaƙƙen yatsa.

Wayar wutar da ta leƙo daga bango, a sa wa kowane baki abin haɗa waya mai sukuru, a rufe da murfi. Naɗa baƙin salatif a bar ta tana lilo a wurin da ake watsa ruwa ba gyara ba ne.

Kafin ka rufe wurin da sabon madubi, dubi bangon da kyau. Idan ka ga laima, ko baƙin fumfuna, ko fenti ya kumbura, mai yiwuwa bututun da ke cikin bangon yana yoyo, domin bututun kwanon wanke hannu sau da yawa ta nan yake bi. Kira mai gyaran famfo ya duba, a bar bangon ya bushe sosai tukuna. Idan kuma za a huda sabon rami, a kauce wa layin da ke saitin famfo da saitin makunnin wuta, sama da ƙasa.